Mastas a fannin laifuka da tsarin shari'a, me ake karantawa ne a ciki?

Ɗan Auta: Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Na gama digirin farko a soshiyoloji, yanzu raina ya kwanta da yin mastas a fannin laifuka da tsarin shari'a, wato abin da ya shafi 'yan sanda da kotu da gidan yari. To amma kowa da abin da yake gaya min, wani ya ce in ba lauya zan zama ba ɓata lokaci ne kawai, wani ya ce kwas ne na masu kaki da ke neman ƙarin girma. Takamaimai me ake karantawa? kuma in mutum ya gama ina ya dosa?

Mai Shisshigi: kai dai faɗi gaskiya, so kake ka riƙa saka safar hannu kana ɗaukar zanen yatsu a wurin da aka yi kisa 😂

Anti Lauya: Wslm ƙanina. Fara raba abubuwa uku tukuna don mutane na cakuɗa su. Karatun lauya daban, shi ne yake ba ka lasisin tsayawa gaban alƙali, kuma wannan mastas ɗin ko sau goma ka yi shi ba zai ba ka wannan damar ba. Masu gwajin jini da DNA da harsashi su ma daban, 'yan kimiyya ne, yawanci daga kemistiri ko bayoloji suke fitowa. Naka shi ne nazarin tsarin kansa, me ya sa mutane suke aikata laifi, me ɗan sanda yake yi in an kai masa ƙara, wa ake ba beli wa ake hanawa, ɗauri yana gyara mutum ko ƙara lalata shi yake. Mu lauyoyi muna tambayar me doka ta ce, ku kuma za ku riƙa tambayar to da aka yi abin da doka ta ce ɗin me ya faru.

Mai Tesis: Anti ta gama magana. Ni ina tsakiyar digiri na uku a fannin, bari in gaya maka abin da ba a rubutawa a takardar talla: lissafi ne. Wlh rabin wahalar mastas ɗin nan ƙididdiga ce da dabarun bincike, za ka zauna gaban kwamfuta da manhajojin lissafi irin SPSS ko Stata ko R kana faɗa da lambobi har idonka ya yi ja. Sauran rabin shi ne ra'ayoyin masana, tun daga Beccaria ɗan Italiya da ya rubuta a 1764 cewa tabbacin za a kama ka ya fi tsananin hukunci hana laifi, zuwa Lombroso da ya zo a 1876 yana auna kawunan fursunoni yana cewa ana haihuwar mutum da laifi a jikinsa, har Charles Goring ya gwada fursunonin Ingila kusan 3,000 da mutanen gari a 1913 ya nuna babu wannan magana. Sai masanin soshiyoloji Merton, sai Sutherland da ya ce a 1939 ku daina kallon ɓarawon titi kaɗai, ku dubi na ofis mai farar riga. Tunda soshiyoloji ka yi waɗannan ba baƙi ba ne a wajenka, lissafin ne zai ba ka ruwa.

Tsohon Sufeto: Ɗana, ni ban yi mastas ba, kakin na saka har na yi ritaya. Ba na hana ka karatu amma ka ji gaskiya daga bakin dattijo, ɓarawo ba a littafi yake ba. Na yi aiki da yara masu manyan takardu da ba su iya karɓar jawabin mai ƙara ba, mace ta shigo tana kuka an daka ta, shi yana neman fom. Aikin nan hanci ne da ido da sanin mutane, ka shiga unguwa ka gane wane shago ne ake sayar da kayan sata tun kafin kowa ya buɗe baki. Wannan wace jami'a ce take koyarwa?

Mai Tesis: Baba Sufeto Allah ya ƙara girma, babu jami'ar da take koyar da wannan kam, kuma ba ta ce za ta koyar ba. Amma in yi maka tambaya ɗaya. A tsawon aikinka, sintiri da mota ana zagaya unguwanni, yana rage laifi?

Tsohon Sufeto: Wannan ai ko yaro ya sani 'yata. In ɓarawo ya ga mota tana wucewa zai yi sata ne?

Mai Tesis: Toh, haka kowane ɗan sanda a duniya ya yi imani, har aka gwada a Kansas City ta Amurka daga 1972 zuwa 1973. Yankunan sintiri 15 aka raba gida uku, kashi ɗaya aka janye motocin gaba ɗaya sai in an kira, kashi ɗaya aka bar shi yadda yake, kashi ɗaya aka ninka motocin sau biyu zuwa uku. Shekara guda ana kallo. Sakamako: babu wani bambancin kirki a yawan laifi, kuma mutanen unguwannin ma galibi ba su lura an canza komai ba, tsoronsu bai ƙaru ba bai ragu ba. Ba wai 'yan sandan ba su san aiki ba ne Baba, abin da ido yake gani a titi daban, abin da yake fitowa in an tara lissafin gari guda daban.

Tsohon Sufeto: To sai a ajiye motoci a koma gida kenan, masu karatu sun ce ba mu da amfani.

Mai Tesis: A'a Baba, saurari ƙarshen labarin, nan ne ma daɗin yake. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka tattara kiran wayar da aka yi wa 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka na shekara guda, sama da 300,000, sai suka ga kusan kashi 3 cikin ɗari na adireshin garin su ne suka samar da rabin kiran. Daga baya David Weisburd ya samu kusan irin haka a Seattle, 'yan tsirarun layuka ne suke ɗauke da rabin laifin gari, kuma shekara da shekaru su ne dai ba sa canzawa. Da aka gwada tura sintirin zuwa waɗannan wuraren kawai maimakon yawo ko'ina, laifi ya ragu, ba raguwa ta a zo a gani ba amma ta gaske. Ka ga ashe hancin nan naka da yake gane shagon kayan sata shi ne daidai, tsarin da yake cewa ka zagaye gari duka daidai wa daida shi ne ba daidai ba.

Mai Shisshigi: Baba an ba ka an kuma ƙwace, an sake ba ka 😅

Tsohon Sufeto: Ai ni ban ga abin da suka gano ba wanda kofur ɗina bai sani ba. Sun kashe kuɗi da shekaru don su gaya mana inda 'yan iska suke taruwa.

Malam Lakcara: Yallaɓai Sufeto, kofur ya sani amma ba zai iya tsayawa gaban masu raba kasafin kuɗi ya tabbatar ba, kuma akwai abubuwa da yawa da shi kofur ɗin ya "sani" waɗanda ba haka suke ba, matsalar ita ce daga ciki ba ka iya bambance wanne ne wanne. Ɗan Auta, wannan da kake gani su biyun nan suna yi, shi ne kwas ɗin gaba ɗaya. Ni abin da nake fara ba ɗalibaina a semestar farko shi ne labarin gwajin Cambridge-Somerville, sunan garuruwa biyu ne a Amurka. A ƙarshen shekarun 1930 a jihar Massachusetts aka ɗauki yara maza 'yan unguwannin talakawa kusan 500, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka haɗa su da masu ba da shawara suna ziyartar gidajensu, ana taimaka musu da karatu, ana kai su asibiti, ana kai wasu sansanin hutu, rabin kuma ba a yi musu komai ba. Duk mai hankali zai ce rabin farko za su fi. Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara 30, ta wallafa a 1978, sai ga shi waɗanda aka taimaka ɗin sun fi faɗawa shaye-shaye da maimaita laifi da mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaure kai, da aka tambaye su, yawancinsu cewa suka yi shirin ya amfane su, suna yabon mutanen da suka kula da su. Da ba a ajiye wancan rabin don kwatantawa ba, da har yau ana raba lambar yabo a kan shirin.

Ummu Yara: Subhanallah. To me ya jawo haka Malam? taimako ya zama cuta?

Malam Lakcara: Har yanzu ana jayayya Hajiya. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tara yaran da ke da matsala wuri ɗaya, musamman a sansanin hutun nan, suna koyon halin juna suna yi wa juna kirari. Wasu kuma sun ce an ɗaga musu buri ne sannan shirin ya ƙare aka bar su. Irinsa ne shirin nan da aka fara a wani kurkukun New Jersey a shekarun 1970, a kwashi yara masu ƙiriniya a kai su gidan yari manyan fursunoni su yi musu ihu su tsorata su. Iyaye suna so, 'yan siyasa suna so, ga arha. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai, yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Ganduroba: Ni ma bari in sa baki tunda an zo gidanmu. Ina aikin gidan yari kuma na yi mastas ɗin ina aiki, da daddare da ƙarshen mako, ba sauƙi gsky. Abin da ya canza min shi ne yadda nake kallon rajistar da nake cikawa kullum. Da can sunaye ne kawai, ya shigo ya fita ya dawo. Yanzu in na buɗe ta tambayoyi nake gani, cikin waɗanda suka koyi sana'a a ciki nawa ne suka dawo, kuma shin sana'ar ce ta hana su dawowa ko dama masu natsuwar ne suke zuwa ajin ɗinki tun farko? wannan tambaya ta biyun kafin mastas ko a mafarki ba ta taɓa zuwa min ba, kuma ita ce take rusa yawancin rahotannin nasara da ake rubutawa a aikinmu. Amma kar in yaudare ka ƙanina, oga ba ya son wannan tambayar. Ka dawo da takardarka ka fara cewa ina shaidar shirin nan yana aiki, sai a fara yi maka kallon mai girman kai.

Tsohon Sufeto: Yauwa, ga nawa ya faɗa. Ilimin da ba za a bar ka ka yi aiki da shi ba.

Ganduroba: Yallaɓai ban ce ba shi da amfani ba fa, cewa na yi ana shan wuya. Kuma su masu binciken ma suna da nasu laifin. A 1974 Robert Martinson ya duba nazari 231 kan gyaran halin fursunoni ya fito da rubutun da duniya ta fassara da cewa babu abin da yake aiki. 'Yan siyasar Amurka suka cafe, dama abin da suke nema kenan, aka rage shirye-shiryen gyara aka koma ɗauri mai tsawo. Shi kansa ya janye wani ɓangare na maganar a 1979 amma wa ya saurare shi, alƙalami ya riga ya bushe. To ka ga rubutun ɗan boko ɗaya ya taɓa rayuwar mutanen da bai taɓa gani ba.

Anti Lauya: Wannan batu na Ganduroba shi ne yake ba ni tsoro da fannin naku. Ku tuna gwajin Minneapolis na 1981 zuwa 1982 kan mazan da ke dukan matansu, aka ce kama mijin ya fi sasantawa ko raba su na 'yan awoyi hana maimaitawa. Kafin a ce kwabo garuruwa da jihohi sun mayar da kamun ya zama dole. Da aka sake gwajin a wasu garuruwan sakamakon ya rarrabu, a Milwaukee ma aka ga kamun yana tsorata mai aikin yi, amma marar aikin yi ƙara dukan yake bayan an sake shi. Doka kuwa an riga an yi ta. Ni a matsayina na lauya ina tambaya, wa zai ɗauki alhakin matan da abin ya ƙara cutarwa?

Mai Tesis: Anti, Sherman ɗin da ya yi gwajin farko shi ne ya jagoranci na Milwaukee, kuma da bakinsa ya yi ta cewa kar a yi dokar kamun dole a kan gwaji ɗaya. Masu doka ne suka yi gaggawa. Ni a wajena wannan hujja ce ta a ƙara yawan mutanen da suka iya karanta bincike a cikin ma'aikatu, wanda zai ɗaga hannu a mitin ya ce ranka ya daɗe gari ɗaya ne fa aka gwada, mutum ɗari uku da 'yan kai ne.

Anti Lauya: Na yarda da rabi. Mu ma a kotu mun ga irinta da shaidar kimiyya, shekaru ana ɗaure mutane da shaidar gashi da sawun haƙori kamar wahayi, sai a 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto cewa in ka cire gwajin DNA, sauran hanyoyin ba a tabbatar a kimiyyance suna iya nuna mutum ɗaya tak ba tare da kuskure ba. Ko zanen yatsu da Mai Shisshigi yake so, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004 hukumar binciken laifuka ta FBI ta kama wani lauya a Amurka da cewa zanen yatsansa ne aka samu, ashe na wani ne daban, sai da suka ba shi haƙuri.

Mai Shisshigi: ni dai an ja sunana cikin shari'a ban ci ba ban sha ba

Ɗan Auta: Kai jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin ya kai haka ba. Amma wani abu ya tsaya min, duk misalan nan Amurka ne da Ingila. Wanda zai yi aiki a ƙasar da mutane ba sa kiran 'yan sanda a waya, ba a ma ajiye rajista yadda ya kamata, me zai yi da Kansas City?

Malam Lakcara: Wannan tambayar ta fi duk abin da aka faɗa tun safe, kuma in ka rubuta ta a takardar neman gurbi za ta ɗaga ka. Gaskiya ne fannin ya girma ne a can, Cibiyar Nazarin Laifuka ta jami'ar Cambridge a Ingila da Leon Radzinowicz ya kafa a 1959, makarantar Albany a New York da ta buɗe digiri na uku a fannin a 1968, mujallun da ake ji da su ma yawanci nasu ne. Sakamakonsu ba lallai ya yi aiki a wani wuri ba, amma hanyar tambayar tana aiki ko'ina. Kuma matsalar rajista ba taka ba ce kai kaɗai, su ma sun gano tuntuni cewa alƙaluman 'yan sanda suna nuna aikin 'yan sanda ne fiye da yawan laifi, in aka ƙara kame sai lamba ta hau, in mutane suka yanke ƙauna suka daina kai ƙara sai ta sauka a ce an samu tsaro. Shi ya sa Amurka ta fara bin gida-gida tana tambayar mutane ko an yi musu laifi tun 1973, Birtaniya ta bi a 1982, kuma abin da yake fitowa yana nuna akwai laifuka da yawa da ba sa isa littafin caji ofis. Inda babu irin wannan binciken gida-gida, ɗalibin da ya yi ko na unguwa biyu da kyau ya kawo abin da babu shi a da.

Mai Tesis: Ƙari a kan na Malam, kafin ka zaɓi jami'a zaɓi sufabaiza. Ka shiga intanet ka karanta abin da malaman sashen suka wallafa a 'yan shekarun nan, in ba ka ga mai aiki a kan abin da kake so ba kar sunan makarantar ya ruɗe ka. Sannan ka tambayi kanka daga ina data za ta fito TUN KAFIN ka rubuta taken tesis, wato kundin binciken kammala karatu. Na ga waɗanda suka zaɓi take mai daɗi kan cin hanci a cikin 'yan sanda ko rayuwar masu jiran shari'a, suka yi wata da watanni suna jiran takardar izinin shiga da ba ta zo ba, ga kwamitin ɗa'ar bincike shi ma da nasa sharuɗɗan don fursuna ba kamar kowa ba ne, mutumin da ke kulle in ka ce masa kana da zaɓi ka amsa ko kar ka amsa, anya yana da zaɓin? Kuma ka duba tsarin, a Birtaniya yawanci shekara ɗaya ce cur, a Amurka kusan biyu, wasu da tesis wasu babu. In kana hangen digiri na uku kar ka kuskura ka ɗauki marar tesis.

Ummu Yara: Ba ku amsa masa maganar aiki ba fa, karatu dai karatu amma yaro zai ci abinci.

Ganduroba: Hajiya gaskiyarki. In yana cikin kaki takardar tana taimakawa wajen ƙarin girma da komawa sashen tsare-tsare ko horarwa. In ba ya ciki, akwai koyarwa, akwai cibiyoyin bincike, ƙungiyoyin kare haƙƙin fursunoni da na yara, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin UNODC mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, bankuna da kamfanoni ma suna ɗaukar masu bin sawun zamba. Amma duk waɗannan wanda ya iya lissafi da rubuta rahoto suke nema, takardar kaɗai ba ta buɗe ƙofa. Wanda ya lallaɓa ya tsallake ajin ƙididdiga da ƙyar ya fito da sunan Merton kawai a baki, shi ne zai zo yana cewa kwas ɗin ba shi da kasuwa.

Tsohon Sufeto: Ni dai shawarata ɗaya ɗana, in ka tafi ka samu wata shida ka zauna a kanta a caji ofis ko a harabar kotu, ba da takardar tambayoyi ba, ka zauna kawai ka kalla. Sannan ka je ka yi lissafin naka. Ke kuma 'yata mai tesis, wancan na Milwaukee da aka ce marar aiki yana ƙara duka, mun sha ganin haka, mukan ce wanda ba shi da abin asara ba ya tsoron sel. Turo min shi in gani ko da abin da suka ƙara.

Mai Tesis: Zan turo Baba, amma shafi ne da yawa kuma rabi tebur ne na lambobi.

Tsohon Sufeto: Turo dai, jikata za ta karanta min teburin.

Ɗan Auta: Anti Mai Tesis, tsakanin R da SPSS wanne zan fara koya kafin a buɗe neman gurbi?

Mai Tesis: R, kyauta ce kuma ita ake yayi yanzu. Makon farko za ka tsane ni, daure kawai.